Kuskuren da Na Yi wa Ƙanena da Sunan Sanin Zuciya

Akwai ilimin da rabinsa ya fi rashinsa haɗari, kuma ilimin halayyar ɗan Adam yana cikin irinsa. Wanda bai karanta komai ba, idan ɗan'uwansa ya kawo masa kuka, yakan saurara, ya ba shi haƙuri, ya yi masa addu'a. Wanda ya karanta littafi biyu ko uku kuwa, sai ya ɗauka ya fi mai zuciya sanin abin da ke cikinta. Na taɓa zama irin wannan mutum, kuma ƙanena ne ya sha wuyar abin.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne ra'ayin Sigmund Freud, likitan nan na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, wanda ya rayu daga 1856 zuwa 1939. Kafin shi masana sun yi maganar cewa akwai abin da ke gudana a zuciyar mutum ba da saninsa ba, amma shi ne ya gina hanyar magani sukutum a kan wannan tunani. A ganinsa, akwai buri da tsoro da haushi da kunya waɗanda mutum ba ya iya fuskanta, sai zuciya ta danne su. Dannewar ba ta kashe su. Sukan nemi kafa su fito: a mafarki, a suɓutar baki, a mantuwar da ba ta da dalili, a ciwon da likita ya duba bai ga tushensa a jiki ba, kuma galibi a halin da mutum ke ta maimaitawa alhali shi halin yake cutarwa. A 1895 shi da abokin aikinsa Josef Breuer suka fitar da littafi kan marasa lafiyar da suka sami sauƙi bayan sun amayar da abin da ke cikinsu da baki. Daga baya, a 1936, 'yarsa Anna Freud ta tsara bayanin dabarun da zuciya ke kare kanta da su: musun abin da ke fili, jingina wa wani laifin da ke cikinka, da sauke fushi a inda ba a nan aka ɗauko shi ba, wato haushin kaza huce kan dami. Daga wannan tushe ne maganin zantawa da ake kira saikodainamik ya fito.

Na karanta duk wannan da zumuɗi, sai na fita da gurguwar fahimta. Na ɗauka aikin mai wannan magani shi ne ya gano sirrin da ke ɓoye, ya faɗa wa mai shi, shi ke nan ciwo ya warke.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai tsanani. Ya ciyar da mu, ya sa mu makaranta, amma yabo ba ya fita daga bakinsa, kuma kuskure kaɗan ya isa a yi maka tsawar da maƙwabta za su ji. Da ya rasu, ragamar gida ta dawo hannuna. Ƙanena kuwa ya taso da ƙwazo da hannu mai kyau a sana'arsa, sai dai ba ya daɗewa a wurin aiki. Duk inda ya je, ƙarshenta sai sun saɓa da maigidansa ya tattara ya bar wurin. Wani dare bayan sallar isha ya zo mini, ya zauna a bakin tabarma, ya ce ya sake barin aiki. Ya ce maigidan nasa ya riƙe masa albashi na watanni, da ya yi magana kuma aka ci masa mutunci a gaban yaran shago.

Ban bari ya kai aya ba. Na ce, "Kai, ba da wannan mutumin kake faɗa ba. Da Baba kake faɗa. Duk maigidan da ka samu, Baba kake gani a fuskarsa, shi ya sa ba ka zama."

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Yaya, ba haka ba ne. Haƙƙina ya ci."

Na ce, "Wannan musun da kake yi shi ne babbar shaida. Abin da mutum ya fi musu, shi ne gaskiyarsa."

Ya yi shiru. Can ya ce, "To, Yaya. Na gode." Ya sa takalminsa ya fita. Bai yi mini rashin kunya ba, bai daina gaishe ni ba, ranar Sallah ma shi ne farkon zuwa. Amma daga ranar bai ƙara kawo mini abin da ke damunsa ba. Ni kuwa na zauna ina ganin na faɗa masa gaskiya ce ta yi masa ɗaci.

Abin da ya farkar da ni shi ne labarin wata yarinya da Freud ya ɓoye sunanta ya kira ta Dora. A watan Oktoba na 1900, tana dab da cika shekara 18, mahaifinta, wani attajiri mai masaƙu, ya kawo ta wurin Freud. Tana fama da tari, muryarta takan ɗauke, ga baƙin ciki, har iyayenta sun tsinci wasiƙar da ta rubuta tana ban kwana da duniya. Labarin da ta bayar mai nauyi ne. Mahaifinta yana neman matar wani abokinsa, wanda Freud ya kira K. Shi kuma K. ya sa mata ido tun ba ta wuce shekara 14 ba, ya taɓa rungumar ta da ƙarfi a wurin kasuwancinsa, bayan shekara biyu kuma ya sake nemanta a bakin wani tafki, ta sharara masa mari. Da ta faɗa a gida, K. ya musanta, ya ce tunaninta ne ya ƙirƙiro, mahaifinta kuma ya goyi bayansa. Ita Dora gani take an miƙa ta ne ga K. don ya kau da kai daga abin da ke tsakanin matarsa da mahaifinta. Abin da uban ya nema wurin Freud shi ne ya dawo da ita cikin hankalinta, wato ta bar maganar.

Freud ya yi abu ɗaya da ya cancanci yabo: ya yarda cewa abin da ta faɗa ya faru. Amma daga nan sai ya kama wata hanya. Ya dage cewa a can ƙarƙashin zuciyarta son K. take yi, ƙyamar da ta ji kuma so ne da ya juye. Ta kawo masa mafarki biyu, ɗaya na gida yana cin wuta mahaifiyarta tana son ceto akwatin kayan ado, ɗaya na yawo a baƙon gari tana neman tashar jirgi, duk ya fassara su zuwa inda ya riga ya nufa. Idan ta ce a'a, sai ya ɗauki a'ar a matsayin i da aka danne. Bayan kimanin mako 11, ranar 31 ga Disamba 1900, ta shigo ta ce masa yau ce zuwanta na ƙarshe, kuma tun mako biyu da suka wuce ta yanke shawarar.

Da na kai nan a karatu, jikina ya yi sanyi. Kalmomin da na faɗa wa ƙanena su ne a gabana, a bakin wani mutum, a wata ƙasa, shekara fiye da ɗari da suka wuce.

Freud ya buga labarin a 1905, kuma a ƙarshensa ya amsa laifi. Ya ce ya shagala da mafarkai da fassara, bai lura da wuri ba cewa Dora ta fara kallonsa da idon da take kallon mahaifinta da K., wato wani babban namiji da ke da tasa manufa a kanta. Ta bar shi ne kamar yadda take son ta bar su. Wannan shi ne abin da ya zama ginshiƙin maganin har yau: mara lafiya yakan sanya wa likitansa rigar wani mutum na baya, uba ko uwa ko wa, ya riƙa jin tsoronsa ko neman yardarsa ko fushi da shi kamar shi ne wancan. Ɓoyayyen abin da ake nema ba ya tsayawa a labarin da. Yana shigowa ɗakin, ya zauna tsakanin mutanen biyu.

Sai dai amsa laifin Freud rabi ne. Ya ga abin da Dora ta ɗora masa, bai ga abin da shi ya ɗora mata ba: ɗokinsa na tabbatar da ra'ayinsa kan mafarki, wanda littafinsa bai daɗe da fitowa ba, da kuma kallon namijin zamaninsa da ya hana shi ganin cewa yarinyar da babban mutum ya yi wa haka tana da haƙƙin jin ƙyama. A watan Afrilu na 1902 Dora ta dawo, ta ce masa ta je ta tunkari K. da matarsa, har K. ya amsa abin da ya yi a bakin tafkin, ta kai wa mahaifinta labari. Abin da ta fi buƙata ke nan tun farko, a tabbatar ba ƙarya ta yi ba. Ta nemi ya ci gaba da duba ta, bai karɓe ta ba.

Daga irin wannan tuntuɓe ne fannin ya gyara tafiyarsa. A 1910 Freud da kansa ya rubuta gargaɗi ga likitocin da ke jefa wa marasa lafiya fassara tun ganin farko. Ya ce rashin sani ba shi ne ciwon ba. Ciwon yana cikin turjiyar da ta hana mutum sani, kuma faɗa masa sirrinsa kafin ya kusa gano shi da kansa, kafin kuma aminci ya ƙullu, yakan ƙara dagula lamarin. A 1914 ya ƙara da cewa abin da mutum ya kasa tunawa, aikata shi yake yi yana maimaitawa, kuma fita daga ciki sai an bi shi sannu a hankali, an gamu da shi sau da yawa ta fuskoki dabam-dabam. A 1937, shekara biyu kafin rasuwarsa, ya amsa wa masu sukar da ke cewa hanyarsa ba ta taɓa faɗuwa, tunda i shaida ce a'a ma shaida ce. Ya ce i ko a'a kaɗai ba su tabbatar da komai. Abin dubawa shi ne abin da ya biyo baya, ko mutum ya tuno wani sabon abu, ko bakinsa ya ƙara buɗewa. A 1950 kuma Paula Heimann, wata likita a Landan, ta nuna cewa abin da likita ke ji a ransa game da mara lafiya, gundura ce ko haushi ko ɗokin ceto, shi ma abin nazari ne. Shi ya sa masu koyon wannan aiki sukan zauna su ma a kujerar mara lafiya, sannan su riƙa kai aikinsu gaban wani babba yana dubawa.

Yadda ake yin maganin a yau ya bambanta da hoton da mutane suka saba gani na mutum kwance a doguwar kujera likita yana bayansa. Wancan tsohon tsari yana nan, ana zama sau uku zuwa biyar a mako, amma mafi yawa yanzu fuska da fuska ake zama, sau ɗaya ko biyu a mako, minti 45 zuwa 50, a rana ɗaya da lokaci ɗaya, na 'yan watanni ko fiye da shekara. Tsayayyen lokacin nan da riƙe sirri su ne ke sa mutum ya saki jiki. Ana roƙonsa ya faɗi duk abin da ya zo masa, ko da yana ganin shirme ne ko abin kunya. Likita kuma yana sauraron abu biyu: abin da ake faɗa, da inda ake kaucewa. Yana lura da wurin da murya ta canja, da inda aka yi dariya ana ba da labarin baƙin ciki, da sunan da ba a taɓa ambata ba, da ranar da aka makara bayan zaman da ya taɓa wuri mai ciwo.

David Malan, wani likita a cibiyar Tavistock ta Landan, ya tsara abin a littafinsa na 1979 ta hanya mai sauƙin riƙewa. Tambaya uku ce game da damuwar: wane ji ne aka ɓoye, wane tsoro ne ya sa aka ɓoye shi, da wace dabara ake kauce masa? Sai kuma wuri uku da ake duba ko abin ya bayyana: a hulɗar mutum da jama'arsa yanzu, a hulɗarsa da waɗanda suka rene shi, da kuma nan cikin ɗaki tsakaninsa da likita. Sai zare ɗaya ya bayyana a wuraren nan likita ke magana, kuma maganar tayi ce, ba hukunci ba. Zai iya cewa, "Na lura duk lokacin da muka zo maganar mahaifinka sai ka tambaye ni ko lokaci ya yi. Ko kai ma ka lura?" Idan mutum ya ce bai gani haka ba, a bar shi, a ci gaba da saurare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan taka-tsantsan yana da dalili mai ƙarfi. A Amurka, cikin shekarun 1980 da 1990, wasu masu ba da magani sun riƙa matsa wa mutane cewa lallai akwai cin zarafin ƙuruciya da suka manta, har wasu suka "tuno" abin da bai faru ba, iyalai suka watse, aka je kotu. A 1995 masaniya Elizabeth Loftus ta gwada mutum 24, aka ba su labarin ƙarya cewa sun taɓa ɓata a wata babbar kasuwa suna yara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka zo suna cewa sun tuna. Wanda ake ganin girmansa yana iya dasa wa mutum tarihin da ba nasa ba.

Ba duk abin da Freud ya faɗa ne ya tsaya ba. Da yawa daga ra'ayoyinsa kan mata da kan ƙuruciya an ajiye su. Amma maganin da ya tsiro daga aikinsa, bayan gyare-gyaren nan, an gwada shi an ga amfaninsa. A 2010 Jonathan Shedler ya tattara bincike da dama a mujallar ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, ya nuna cewa tasirinsa yana gogayya da na sauran hanyoyin da aka amince da su. A 2015 aka fitar da sakamakon wani gwaji na Tavistock kan masu daɗaɗɗen ciwon baƙin ciki da wasu magunguna suka kasa. An yi musu zama mako-mako na wata 18. Lokacin da aka gama, bambancinsu da waɗanda ba a yi wa zaman ba bai taka kara ya karya ba, amma bayan shekara biyu sai ga shi sun yi musu nisa wajen samun sauƙi. Abin da mutum ya gano da kansa yakan ci gaba da aiki bayan an rufe ƙofar likita.

Da na auna kaina da wannan ma'auni, laifina ya fito fili ta fuska uku. Na farko, ƙanena ya zo da zalunci na zahiri, an ci guminsa, ni kuma na mayar da shi matsalar zuciyarsa. Mutum yana iya ɗauke da tsohon rauni kuma a zalunce shi da gaske. Ɗaya ba ya soke ɗaya. Na biyu, na toshe masa duk wata hanyar cewa a'a. Maganar da ba ta bar wa mutum damar musu ba, danniya ce ko da an yi ta da murya mai taushi. Na uku shi ne ya fi yi mini ciwo. Na zarge shi da ganin Baba a fuskar iyayen gidansa, alhali a daren nan ni ne na zama Baba: babba mai katse magana, wanda ya riga ya san laifinka kafin ka buɗe baki. Gida ɗaya muka tashi, tsawa ɗaya muka sha. Shi ya koyi guduwa, ni na koyi zama mai gaskiya kullum don kada a kama ni da kuskure. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nasa. Ga shi kuma ni ba likita ba ne, da ma likitan ne, ƙa'idar aikin ta hana mutum yi wa ɗan'uwansa, domin shi kansa yana cikin labarin.

Na same shi a gidansa. Na ce, "Na yi maka laifi. Ka zo mini da kukan haƙƙinka, na mayar da shi laifinka. Ka yafe mini." Ya ce, "Haba Yaya, ba komai." Na san ba komai ɗin kunya ce, don haka ban tsaya a nan ba. Na tambaye shi nawa yake bi, muka nemi wani dattijo da mutumin ke jin nauyinsa, aka karɓo masa abin da ya samu. Amincin bai dawo rana ɗaya ba.

An daɗe, muna hanyar dawowa daga wata ta'aziyya, shi da kansa ya ɗauko maganar Baba. Abin da ya faɗa ya saɓa da fassarata. Ya ce shi bai taɓa jin yana son faɗa da kowa ba. Da zarar babba ya ɗaga masa murya, sai gabansa ya faɗi, ya ji kamar yanzu za a ce ya fita ba a bukatarsa, sai ya gwammace ya riga su. Ashe tsoron kora ne, ni kuma na kira shi faɗa. Na hango gefen abin, na ɓata sunansa, na kuma faɗe shi a lokacin da ba zai amfane shi ba. Wannan karon tambaya kawai na yi masa: tun yaushe yake jin haka? Ya yi ta magana har muka iso gida.

Ga duk wanda Allah Ya ɗora wa girma, wa ne ko uwa ko malami ko miji, kuma ya ɗan leƙa irin waɗannan littattafai, ga abin da na koya da tsada. Idan an kawo maka kuka, fara da yarda cewa abin da aka faɗa maka yana da tushe, ka taimaka a kan na fili. Idan ka hango wani abu a ƙasa, riƙe shi a ranka, ka tambayi kanka me ya sa kake ɗokin faɗa. In har za ka faɗa, yi shi da sigar tambaya, ka kuma karɓi a'a a matsayin a'a. Idan kuwa damuwar ta yi nauyi, barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, ko mutum ya fara maganar gajiya da rayuwa, to ka raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ko ƙwararren masanin halayya, waɗanda suka koyi aikin kuma akwai masu duba su. Sanin cewa zuciya tana da ɓoyayyen sashe ya kamata ya ƙara mana tausayi da jinkirin yanke hukunci, domin mu ma muna ɗauke da namu. Allah Ya ba mu ikon saurare, Ya tsare 'yan'uwanmu daga kaifin harsunanmu.